Mabiyiya Ɗaya Ko Biyu: Abin Da Hoton Cikin Tagwaye Ke Nunawa Kafin Mako 14, Da Yadda Yake Wuce Matan Ƙasar Zuru

A ƙasar Zuru, kamar a mafi yawan Arewa, cikin da bai kai wata huɗu ba sirri ne. Mace takan yi ɓatan wata na farko da na biyu da na uku ba wanda ya ji daga bakinta sai miji, wani lokaci ma uwar miji ce ke ganewa da kanta daga kasala da yawan tofar da yawu. Mai cikin fari kunya ce ke rufe mata baki. Wadda ta saba haihuwa kuwa gani take ba abin da zai kai ta asibiti tunda ba ta kwanta ciwo ba, ga aikin gona yana jira, ga kuma tsoron bakin mutane. Sai ciki ya fito, ɗa ya fara motsi, sannan a yi zancen awo. Idan ɗa ɗaya ne a cikin, sau da yawa jinkirin yakan wuce lafiya. Idan biyu ne ko uku, jinkirin ya riga ya cinye makonnin da na'urar hoton ciki ta fi iya amsa tambayar da ta fi kowace nauyi a kan yaran: mabiyiyarsu ɗaya ce, ko kowa da tasa?

Tagwaye ba baƙi ba ne a gidajenmu. Da wuya ka zaga unguwa a Zuru ko Dabai ko Mahuta ba ka ji an kira Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, ko Gambon da ya biyo bayansu ba. Alƙaluma ma sun tabbatar da abin da ido ke gani. Wani nazari da masana Christiaan Monden da Gilles Pison da Jeroen Smits suka wallafa a 2021 ya nuna cewa a duniya baki ɗaya ana samun tagwaye 12 cikin kowace haihuwa 1,000, kuma Afirka ta Yamma da ta Tsakiya na cikin wuraren da suka fi ko'ina yawa. A 1980 likitoci Rehan da Tafida sun wallafa lissafin haihuwar mata Hausawa 5,750 a asibitin haihuwa na Katsina, suka samu kusan tagwaye 40 cikin 1,000. Lissafin asibiti yakan ɗara na gari, domin mai tagwaye ta fi saurin a kawo ta idan naƙuda ta yi gardama, amma ko an rage, adadin yana da yawa. Abin da ke hana barci shi ne ɗaya lissafin da Monden da Smits suka fitar a 2017: a Afirka kudu da Sahara, kusan ɗaya cikin kowane tagwai biyar ba ya kaiwa shekara biyar, wato ninki uku na mutuwar yaran da aka haifa su kaɗai.

A Jihar Kebbi abin ya haɗu da wata matsalar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Kebbi ce ta ƙarshe a Nijeriya wajen awon ciki, inda kimanin mata 15 cikin 100 kaɗai suka ga ƙwararren ma'aikacin lafiya lokacin goyon ciki, waɗanda ƙwararre ya karɓi haihuwarsu kuma kimanin 3 ne cikin 100. A faɗin ƙasar ma, mata 18 cikin 100 ne suka fara awo a watanni ukun farko.

Yadda tagwaye ke samuwa

Hanya biyu ce. Ta farko, wadda ta fi yawa a wajenmu, mace ta saki ƙwai biyu a wata ɗaya, kowane ya haɗu da nasa maniyyin. Waɗannan 'yan'uwa ne kawai da suka zo tare, suna iya zama mace da namiji, kuma kowa da mabiyiyarsa da fayarsa. Irin wannan yakan bi dangin uwa, yana ƙaruwa da shekarun mace da yawan haihuwarta, haka kuma magungunan neman haihuwa irin su Clomid, da wasu ke saya a kemis ba da izinin likita ba, suna ƙara yawansa.

Ta biyu, ƙwai ɗaya ne ke rabewa gida biyu, a samu masu kama ɗaya. Wannan kusan daidai yake a ko'ina a duniya, wajen 4 cikin 1,000. A nan ranar rabewar ce ke yanke hukunci, bisa bayanin da likitoci suka daɗe suna koyarwa. Idan ya rabe cikin kwana uku na farko, kowa zai samu mabiyiyarsa da fayarsa. Idan tsakanin kwana huɗu da takwas ne, za su haɗa mabiyiya ɗaya amma kowa da fayarsa, kuma wannan ne rabon kusan biyu bisa uku na masu kama ɗaya. Idan ya wuce kwana takwas, mabiyiya ɗaya faya ɗaya, ba shamaki tsakaninsu. Idan ya haura kwana 13, rabewar ba ta kammala ba, sai a haife su a manne, kamar 'yan biyun Nijeriya da aka raba a Riyad ta Saudiyya a farkon 2024.

Masu mabiyiya biyu kamar maƙwabta ne da kowa ya haƙa rijiyarsa a gidansa: idan ta ɗaya ta ƙafe, ɗayan yana da ruwa. Masu mabiyiya ɗaya rijiya guda suke ja, kuma ta ƙarƙashin ƙasa jijiyoyin jininsu a haɗe suke. Abin da ya samu ɗaya yana iya bin jijiya ya isa ga ɗan'uwansa.

Abin da ke bayyana a allo, mako bayan mako

Tun 1958 da Farfesa Ian Donald na birnin Gilasgo a Sikotlan ya wallafa aikinsa na farko kan amfani da sautin da kunne ba ya ji wajen leƙa cikin mace, na'urar ta yi ta ƙanƙancewa har ta kai ga shagunan hoto na ƙananan garuruwa. Na'urar tana nuna baƙi da fari ne kawai. Fassarar tana wajen mai riƙe da ita, kuma fassarar ta dogara da makon da aka zo.

Likitoci suna ƙirga makonni daga ranar farko ta hailar ƙarshe. A wajen mako 5 ake fara ganin ɗan baƙin zagaye a cikin mahaifa, wato jakar ciki. Kafin mako 6 wani ƙaramin zobe yakan bayyana a cikinta, wanda ke ciyar da tayin kafin mabiyiya ta kama aiki. A wajen mako 6 ake ganin tayin da bugun zuciyarsa. Waɗannan lokuta na hoton da ake ɗauka ta gaba ne. Wanda ake ɗauka ta kan mara, wanda shi ne aka fi yi a wajenmu saboda kunya da ƙarancin kayan aiki, yakan makara da kimanin mako guda.

Ƙirga a waɗannan makonnin farko tana da santsi. Jaka biyu a rarrabe, kowace da kaurin bangonta, alama ce ta mabiyiya biyu. Amma jaka ɗaya ba ta nufin ɗa ɗaya, domin masu haɗa mabiyiya a jaka guda suke zaune, kuma a mako 5 ba a ganin kowa a ciki tukuna. Mace tana iya karɓar takarda an rubuta ɗa ɗaya, ta dawo bayan wata biyu a ce biyu ne, ta ɗauka an yi mata ƙarya, alhali wuri ta yi. Kuskuren ƙirga yana faruwa har a manyan asibitoci idan 'ya'yan sun yi yawa: matar nan 'yar Tumbutu ta ƙasar Mali da ta haifi 'ya'ya tara a Kasablanka ta Maroko a watan Mayun 2021, bakwai hoto ya nuna kafin a yi mata aiki.

Akwai kuma akasin haka. Jinin da ya taru a gefen jakar ciki yana iya fitowa a allo kamar jaka ta biyu, wanda bai ƙware ba ya yi wa mace albishir da tagwayen da babu su. Wani lokaci kuma tagwayen na gaske ne, amma ɗaya ya daina girma a farkon ciki, jiki ya shanye shi. Binciken Richard Dickey da abokan aikinsa na 2002 ya samu cewa cikin masu jaka biyu a farkon ciki, 36 cikin 100 sun koma ɗaya kafin mako 12. Wata takan ga ɗan jini, wata ba ta ganin komai. Wannan yana buƙatar bayani a tsanake, da harshen da mace ke ji, Hausa ne ko C'lela, domin a gidan da aka ce biyu ne aka haifi ɗaya, zargi ba ya rasa inda zai sauka: kan kishiya, kan maƙwabciya, ko kan ungozomar asibiti a ce ta sace jariri. Idan mabiyiya biyu ce, wanda ya rage yawanci yakan ci gaba da girma lafiya.

Hukuncin da ya fi kowane haɗari shi ne a ce ciki ya lalace. Ƙa'idar da likitocin duniya suka tsaya a kai tun wajen 2011 zuwa 2013 ita ce, a hoton da aka ɗauka ta gaba, ba a cewa tayi ya mutu sai tsawonsa ya kai milimita 7 ba bugun zuciya, ko jakar ta kai milimita 25 ba kowa a ciki. Ƙasa da haka, a jira mako ɗaya zuwa biyu a sake dubawa. Ga mai tagwaye kuwa, rashin bugun zuciyar ɗaya ba dalilin wankin ciki ba ne muddin ɗayan yana raye. Duk macen da aka ce a wanke mata ciki bisa hoto guda da aka ɗauka ta kan mara a wata na biyu, in dai ba jini take zubarwa sosai ko zazzaɓi da ciwo mai tsanani ba, tana da haƙƙin neman likita ya sake dubawa.

Makonni uku masu daraja

Tsakanin mako 11 da ƙarshen mako 13, lokacin da tsawon tayi daga ka zuwa mazaunai yake tsakanin milimita 45 da 84, hoto ya fi faɗin gaskiya. Ƙungiyar masana hoton ciki ta duniya, ISUOG, a ƙa'idojinta na 2016 kan tagwaye, ta ce a wannan lokacin ake so a tantance abu uku.

Na farko shekarun cikin. Idan tagwayen sun bambanta a tsawo, da babban ake lissafi, don kada a ɗauki wanda ya tsumbure a matsayin ma'auni a ɓoye matsalarsa. Wannan lissafi yana da amfani ƙwarai a inda mata da yawa ke ɗaukar ciki suna shayarwa, ba su ga haila ba balle su riƙe rana. Na biyu a yi wa kowane tayi shaida, na dama ko na hagu, na sama ko na ƙasa, a rubuta, don wanda zai duba gaba ya san wa yake aunawa.

Na uku shi ne mabiyiya. Mai hoto zai bi shamakin da ya raba yaran har inda ya haɗu da mabiyiya. Idan naman mabiyiya ya kutsa cikin gindin shamakin ya yi tsini mai kusurwa uku, kamar harafin Girkanci da ake kira lamda, to mabiyiya biyu ce ko da sun manne da juna sun yi kama da ɗaya. Likita Harris Finberg ya bayyana wannan alama a 1992. Idan shamakin siriri ne ya sauka a miƙe, ya yi siffar harafin T, mabiyiya ɗaya ce. Idan an duba da kyau ba shamaki sam, faya ɗaya suke ciki. Dubawar ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Tana buƙatar idon da aka koya wa abin da zai nema, da 'yan mintoci na haƙuri.

Bayan mako 14 alamar takan fara dushewa, shamaki ya ƙara sirancewa, mabiyiya biyu su haɗe. A wata na shida ko na bakwai, lokacin da yawancin matanmu ke zuwa, abin da ya rage wa mai hoto kaɗan ne: idan ya ga mace da namiji, ko mabiyiya biyu a wurare daban, ya san amsa. Idan jinsi ɗaya ne kuma mabiyiya a wuri guda, sai dai hasashe, kuma ƙa'ida ta ce a ɗauke su a matsayin masu haɗa mabiyiya har sai an tabbatar da akasin haka.

Ga mai ƙirga da wata, lissafin mai sauƙi ne. Ɓatan wata na farko mako 4 ke nan, na biyu mako 8, na uku mako 12. Ranar da mace ta tabbatar wata na uku ya wuce ba ta ga jini ba, a cikin makon ya kamata a yi hoton. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2016 ta ce kowace mai ciki ta samu hoto ɗaya kafin mako 24, ta kuma fara awo cikin makonni 12 na farko. Mako 24 ya isa a gane cewa biyu ne. Sanin irinsu kuwa yana son a zo tun kafin nan.

Dalilin da ya sa amsar take da nauyi

Cikin masu haɗa mabiyiya, 10 zuwa 15 cikin 100 sukan gamu da matsalar da jini ke kwarara daga ɗaya zuwa ɗayan. Mai bayarwa ya rame, fitsarinsa ya ragu, ruwan fayarsa ya ƙafe har ta naɗe shi. Mai karɓa jini ya yi masa yawa, zuciyarsa ta gaji, ruwan fayarsa ya cika ya batse. Uwar takan ga cikinta ya kumbura cikin 'yan kwanaki, ya yi tauri, numfashi ya yi mata wuya, a gida kuma a ce ai girman cikin tagwaye ne. Matsalar ta fi tasowa tsakanin mako 16 da 26, kuma idan ta yi tsanani ba a yi komai ba, mafi yawan lokuta duka biyun ake rasawa. A hoto ana gane ta da auna zurfin ruwa: ƙasa da santimita 2 a wajen ɗaya, sama da 8 a wajen ɗayan. Haka kuma idan ɗaya ya mutu a ciki, haɗarin ɗan'uwansa ya bi shi ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ya ninka na masu mabiyiya biyu sau da yawa. Masu faya ɗaya kuma cibiyoyinsu kan sarƙe.

Shi ya sa jadawalin ya bambanta. Masu mabiyiya biyu ana duba su duk mako huɗu daga mako 20. Masu mabiyiya ɗaya duk mako biyu daga mako 16. Lokacin haihuwa ma haka: ƙa'idar da ake bi a Ingila, wadda likitoci da yawa ke dubawa, ta sa mako 37 ga masu mabiyiya biyu, 36 ga masu mabiyiya ɗaya faya biyu, 32 zuwa 34 ta hanyar aiki ga masu faya ɗaya, 35 ga 'yan uku. Fiye da rabin tagwaye ma da kansu suke zuwa kafin mako 37.

Mai karatu a Ribah ko Dirin Daji yana iya tambaya, kuma tambayarsa tana kan hanya: mene ne amfanin sanin ciwon da maganinsa ya fi ƙarfinka? Gaskiya ne maganin da ya fi inganci, wato ƙona jijiyoyin da suka haɗa yaran da hasken leza ta ƙaramar kyamara, wanda wani babban gwaji a Turai ya tabbatar da fifikonsa a 2004, aiki ne na cibiyoyi ƙalilan, ba na babban asibitin ƙaramar hukuma ba. Amma a ganina wannan hujja ta tsaya a rabin hanya. Ana iya zuƙe ruwan da ya yi yawa don a sassauta wa uwa a ja kwanakin cikin. Ana iya yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun bakwaini kafin haihuwa. Ana iya ciro yaran a ranar da aka zaɓa, a asibitin da ke da ɗakin jarirai. Ana iya sa ido kan hawan jini, wanda ya ninka sau biyu zuwa uku ga mai tagwaye, kafin ya zama jijjiga, a ƙara mata maganin ƙarin jini, a tanadi wanda zai ba da jini saboda zubar jini bayan haihuwa. Duk wannan yana buƙatar lokaci, kuma lokaci shi ne abin da ya fi tsada a masarautar da ta haɗa ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu, inda hanyoyi da yawa ke lalacewa da damina, wasu kuma 'yan bindiga sun sa ba a bin su da dare. Daga ƙauye zuwa Babban Asibitin Martha Bamaiyi da ke Zuru tafiya ce. Daga Zuru zuwa manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tafiyar sa'o'i ce. Iyalin da suka sani tun wata na uku suna da wata huɗu ko biyar su sayar da buhun dawa a kan farashi mai kyau, su nemi ɗan'uwan da matar za ta sauka a gidansa kusa da asibiti. Waɗanda ba su sani ba, a tsakar dare suke neman mota, ɗan fari ya fito a ɗaki, na biyu ya gicciye.

Takardar da ake miƙo wa mace

Ko an zo a kan lokaci, amfanin hoton yana iya salwanta a kan takarda. Mai hoto yakan rubuta cewa tagwaye ne, duka suna raye, ga makonni, ga ranar haihuwa, ya tsaya nan. Miji ya biya kuɗi, tambayarsa guda ita ce maza ne ko mata, abin da a wata na uku ma ba a iya faɗa da tabbaci. A haka kowa ya tashi da murna, ba wanda ya ambaci mabiyiya, kuma bayan wata ɗaya ba za a sake samun damar ba.

Tunda da Turanci ake rubuta sakamakon, yana da kyau iyali su san haruffan da za su nema. DCDA na nufin mabiyiya biyu, faya biyu. MCDA mabiyiya ɗaya, faya biyu. MCMA mabiyiya ɗaya, faya ɗaya. Idan babu ɗaya daga cikinsu a takardar, mace ko mijinta su tambaya kafin su bar ɗakin: "Likita, mabiyiyarsu ɗaya ce ko biyu? A rubuta mana." Idan mai hoton ya ce bai tabbatar ba, wannan amsar mai gaskiya ce, kuma abin da ya kamata ya biyo baya shi ne ya tura su wurin wanda ya fi shi gani a cikin makon, kada a ce sai wata mai zuwa. A kuma nemi a buga hoton gindin shamakin a maƙala shi a katin awo, saboda ranar da za a tura matar wani gari.

Nauyin bai tsaya kan iyali ba. Ma'aikatar lafiya ta jiha tana iya sa wa kowane wurin hoto, na gwamnati da na kuɗi, takardar sakamako mai gurbin da dole a cike idan an ga fiye da ɗa ɗaya: mabiyiya nawa, faya nawa, wane ne na dama, wane ne na hagu, yaushe za a dawo. Koya wa ungozomomin asibiti da masu ɗaukar hoto bambanta lamda da T aiki ne na gajeren horo da maimaitawa a ƙarƙashin ƙwararre. Limamai da fastoci na Zuru, da ungozomomin gargajiya waɗanda su ne ke fara jin sirrin, suna iya gaya wa mata cewa zuwa hoto a wata na uku bai tona asirin kowa ba, tunda tsakanin mace ne da ma'aikaciyar lafiya. Waɗanda ya fi kamata a fara da su sanannu ne: wadda ta taɓa haifar tagwaye ko akwai su a dangin uwarta, wadda ta haura shekara 35 ko ta yi haihuwa da yawa, wadda ta sha maganin neman haihuwa, da wadda laulayi ya yi mata tsanani ko cikinta ya fi watanninsa girma.